Fili Ɗaya Tsakanin Birane Biyu: Nazarin Rikicin Ruwa da Gishiri a Ƙasar Sumer

Wurin da halin da yake ciki, kafin 2600

Filin da za mu bi labarinsa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce a kan iyakar daulolin Lagash da Umma, cikin ƙasar Sumer, wato kudancin Iraƙi ta yau, arewa da birnin Nasiriyya. Daga Umma zuwa Girsu, cibiyar mulki da bauta ta Lagash, tafiyar wajen kilomita 30 ce, filin kuma yana cikin wannan tazara. Shekarun da za a ambata duk na kafin Miladiyya ne sai inda aka nuna akasin haka, don haka lissafin ƙasa yake yi: 2550 ta riga 2400. Yawancinsu ƙiyasin masana ne, shi ya sa kalmar "wajen" za ta yi ta fitowa.

Ruwan sama a yankin ba ya kai milimita 200 a shekara, alhali hatsi ba ya yi da ruwan sama kaɗai sai an samu wajen 250, kuma ya sauka a kan kari. Da bazara zafi yana wuce digiri 45. Ba don Furat da Dijla ba, kogunan nan biyu da ke gangarowa daga duwatsun gabashin Turkiyya, da ba mai kafa bukka a wurin balle birni. Su suka ba mutane sha'ir da alkama da dabino, da kifi, da karan yin tabarma da jinka, da yumɓun gini da na rubutu. Su ne kuma hanyar da jiragen ruwa ke bi su kawo katako da dutse da tagulla, abubuwan da ƙasar ba ta da ko ɗaya. A kan wannan arziki birnin Uruk ya tara dubun-dubatar mutane tun kafin 3000, a can ne kuma aka fara danna alamun lissafi a kan ɗanyen yumɓu, abin da ya zama rubutu.

Sai dai kogunan suna da hali biyu masu wahalar da manomi. Na farko, ba sa zuwa lokacin da ake nemansu. Ƙanƙarar duwatsu tana narkewa ne a watannin Afrilu da Mayu, sai kogi ya cika ya batse daidai lokacin da sha'ir ya nuna ana wasa lauje. A Oktoba da Nuwamba kuwa, da ake son ruwan shuka, kogi ya ja baya. A Masar abin ba haka yake ba: Nilu yana cika ne a watannin Agusta da Satumba, ya kwanta a gonaki, ya janye kafin shuka. Manomin Sumer shi dole ya yi jinga ya tare ruwa a wata kaka, ya kuma haƙa hanya ya jawo shi a wata.

Na biyu, ƙasar a kwance take ƙwarai. Bagadaza, da ke ɗaruruwan kilomita daga teku, tsayinta bisa teku bai wuce wajen mita 34 ba. Furat yana tafiya a hankali yana zubar da laka a gaɓoɓinsa, har ya gina wa kansa tudu yana gudana a sama da gonakin da ke gefensa. Shigar da ruwa gona ba wuya, a fasa gaɓa kawai ya gangara da kansa. Fitar da shi bayan ya gama aiki, nan ne babu hanya.

Farkon rikici da sulhun farko, wajen 2550

Umma tana sama, ta arewa maso yamma. Ruwan da ke shayar da filin sai ya ratsa ƙasarta kafin ya isa ta Lagash. Duk wanda ya yi noman rani a wutsiyar kanal ya san abin da wannan ke nufi ba sai an yi masa bayani ba, haka ma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 Miladiyya. Na sama yana sha ya ƙoshi, na ƙasa yana jiran abin da ya rage.

Kowace daula ta ce filin na abin bautarta ne. Mutanen Lagash suka ce na Ningirsu ne, na Umma suka ce na Shara ne. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai magana gaban Mesilim, sarkin Kish, wanda biranen kudu ke ganin girmansa a lokacin. Ya sa aka ja igiya aka auna ƙasar, ya yanke iyaka, ya kafa dutse mai rubutu a wurin. Wannan yana cikin sulhu mafi daɗewa tsakanin ƙasashe biyu da aka samu labarinsa a rubuce.

Dutsen ya raba ƙasa, bai raba ruwa ba. Ba a ji an aje wanda zai tsaya a bakin magudana ya ce yau na wane ne, gobe na wane. Kish kuma tana can nesa a arewa. Bayan wani lokaci wani mai mulkin Umma da ake kira Ush ya tumɓuke dutsen ya shiga filin da mutanensa.

A nan ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya: kusan duk labarin nan daga bakin Lagash ya fito, daga rubuce-rubucen da sarakunanta suka sa aka yi. A cikinsu kullum Umma ce mai laifi.

Yaƙi, rantsuwa da haya, wajen 2450

Eannatum, sarkin Lagash, ya ɗauki hanyar ƙarfi. Ya ci Umma da yaƙi, ya sa aka sassaƙa nasarar a kan wani farin dutse wanda Bafaranshen nan Ernest de Sarzec ya tono gutsattsarinsa a Tello, kufan Girsu, a shekarun 1880 Miladiyya. Yanzu suna gidan tarihi na Louvre a Paris. A fuska ɗaya ga mayaƙa sahu-sahu, garkuwa haɗe da garkuwa, masu a miƙe, suna taka gawawwaki, ungulaye kuma na tashi da kawunan mutane a baki. A ɗaya fuskar ga Ningirsu riƙe da raga cike da fursunoni tsirara, ɗaya ya leƙo da kai ana ƙwala masa kulki.

Bayan yaƙi aka zauna, kuma sharuɗɗan da aka gindaya sun nuna an yi tunani. Eannatum da sabon mai mulkin Umma, Enakalle, suka sake shata iyaka. Aka haƙa magudanar ruwa a kan iyakar, aka mayar da dutsen Mesilim wurinsa, aka ƙara wasu duwatsun, aka gina ƙananan ɗakunan bauta a kan jingar don kada wani ya yi gigin taɓa ta. Aka bar wani zirin ƙasa da ya ɗan haura kilomita ɗaya ba na kowa ba. Mai mulkin Umma ya rantse da manyan abubuwan bautarsu ɗaya bayan ɗaya cewa ba zai ƙetare iyaka ba, ba zai karkatar da magudana ba, ba zai tumɓuke dutse ba. A kan rantsuwar, in ji rubutun, Eannatum ya sa aka ranganɗa wa kurciyoyi biyu kwalli a ido aka sake su su kai saƙo Nippur, birnin babban abin bautarsu Enlil.

Akwai sharaɗi na ƙarshe, shi ne ya zama ƙashin bayan rigimar da ta biyo. An bar mutanen Umma su ci gaba da noman wani sashe na filin, amma a matsayin aro: sha'ir ɗin da suka ci bashi ne a kansu, kuma ana ɗora masa riba. Umma ba ta biya ba, ribar ta yi ta hawa kan riba. Zuwa zamanin 'ya'yan waɗanda suka yi yarjejeniyar, magatakardan Lagash sun lissafa bashin ya kai 8,640,000 a babban ma'auninsu na rumbu, wato wajen lita tiriliyan huɗu da rabi, abin da duk ƙasar Sumer ba za ta noma ba ko da za ta shekara ɗaruruwa tana tarawa.

Ur-Lumma, ɗan Enakalle, bai tsaya jayayya a kan lissafi ba. Ya janye ruwan magudanar iyaka, ya cinna wa duwatsun wuta ya farfasa su, ya rushe ɗakunan bautar, ya ɗauko sojojin haya daga wasu ƙasashe ya ƙetaro. Aka gwabza da Enannatum, ɗan'uwan Eannatum da ya gaje shi. Entemena, ɗan Enannatum, shi ne ya ƙarasa yaƙin. Rubutunsa ya ce Ur-Lumma ya gudu ya bar jakunan kekunan yaƙi har ƙungiya 60 a bakin magudana, ƙasusuwan mutanensa warwatse a fili, shi kuma aka kashe shi a cikin Umma.

Ko kaka nawa aka yi cikin kwanciyar hankali bayan haka, ba su da yawa. Wani mai kula da ɗakin bauta na Zabalam, sunansa Il, ya karɓi mulkin Umma, shi ma ya karkatar da ruwan. Da Entemena ya aika masa manzanni, amsar da ya bayar ita ce magudanar tasa ce.

Sabuwar hanyar ruwa, wajen 2400

Entemena ya gwada abu biyu da magabatansa ba su gwada ba. Ya ƙulla 'yan'uwantaka da sarkin Uruk, Lugal-kinishe-dudu, aka rubuta ta a kan ƙusoshin yumɓu aka kafa a bangon ɗakin bauta, don Umma ta san tana da maƙwabci a wani gefen da zai iya taso mata. Sa'an nan ya sa aka haƙa magudana tun daga Dijla har zuwa wata babbar hanyar ruwa ta ƙasarsa. Wasu masana suna danganta wannan aiki da reshen Garraf da ke ratsa yankin a yau.

Ta fuskar ƙarancin ruwa, aikin ya biya. Allunan da aka tono a Girsu daga 'yan shekarun da suka biyo baya, fiye da 1,500 daga gidan matar sarki kaɗai, suna nuna daula mai wadata: gonaki da aka auna aka rubuta, rabon sha'ir ga ma'aikata wata-wata, masunta na ruwan daɗi da na teku, garken tumaki, masaƙa. Daga irin waɗannan alluna ne Thorkild Jacobsen da Robert Adams suka fitar, a binciken da suka buga a 1958 Miladiyya, cewa hekta ɗaya a Girsu tana ba da lita 2,537 na hatsi a wajen 2400.

Farin da ya fara fitowa a gona, 2400 zuwa 2350

A cikin allunan wannan zamanin ne kuma, in ji Jacobsen, masu auna gonakin ɗakunan bauta suka fara rubuta cewa wani yanki na gona kaza ya yi gishiri.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Ruwan kogi, komai daɗinsa a baki, yana ɗauke da ɗan gishirin da ya narko daga duwatsu. In aka malala shi a gona, rana ta shanye wani, shuka ta sha wani, gishirin kuwa yana nan. Sauran ruwan ya nutse ƙasa. A ƙasa mai gangare zai sulale ya koma kogi da gishirinsa. A nan kuwa laka ce mai danƙo, ga kogin ma yana sama da gonar, sai ruwan ya taru a ƙarƙashi, ya haɗu da na asali wanda dā ma mai zartsi ne, kowace shekara yana ƙara matsowa sama. In ya zo kusa da fuskar ƙasa da kamar mita ɗaya ko biyu, sai ya riƙa hawa ta ƙananan ƙofofin ƙasa kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Rana ta busar da shi, gishiri ya zauna a sama. Manomi zai fara ganin wani wuri a gona inda tsiro ke fitowa a tsumbure, bakin ganye a ƙone. Shekara ta zagayo wurin ya yi fari-fari da safe, in ka taka ya yi ɓurus a ƙarƙashin ƙafa. Daga baya ko ciyawa ba ta fitowa.

Abin da ya sa wannan ciwo ya fi ƙarancin ruwa wuyar magani shi ne, abin da hankali ke fara ba mutum, wato ƙara ruwa don a wanke gonar, yana yi na ɗan lokaci, amma yana ƙara ɗago ruwan ƙasa in babu inda zai fita. Jacobsen ya ɗora alhakin farkon matsalar a kan yalwar ruwan da sabuwar magudanar Dijla ta kawo, da yawan ban ruwa da yoyon da suka biyo bayanta.

Alkama ce ta fara nuna alama, domin ba ta jure gishiri kamar sha'ir. A lissafin masanan biyu, a wajen 3500 alkama da sha'ir kusan kai ɗaya suke a kudancin ƙasar. Zuwa wajen 2400 alkama ta koma kashi ɗaya cikin shida na amfanin gona a Girsu.

Faɗuwar Lagash, wajen 2350

Rikicin iyaka bai mutu ba. A zamanin Urukagina, sarkin Lagash da aka sani da rage wa talakawa zaluncin masu karɓar haraji, Lugalzagesi na Umma ya afka wa Lagash, ya ƙona ɗakunan bauta, ya kwashe azurfa da duwatsu masu daraja, ya lalata sha'ir a gonakin Ningirsu. Wani magatakarda na Lagash ya jera wuraren da aka ƙona ɗaya bayan ɗaya a kan allo, ya rufe da cewa sarkinsa ba shi da laifi, alhakin yana wuyan Lugalzagesi da abar bautarsa Nisaba.

Umma ta ci filin bayan wajen shekara 150 ana zubar da jini. Ba ta daɗe tana cin moriyarsa ba. A wajen 2334 Sargon na Akkad ya kama Lugalzagesi ya kai shi ƙofar ɗakin Enlil a Nippur da ƙangi a wuya, biranen biyu duka suka koma ƙarƙashin baƙo.

Ƙarƙashin hukuma ɗaya, 2112 zuwa 2004

Bayan rushewar Akkad, Lagash ta ɗan farfaɗo a hannun Gudea, mai gumakan baƙin dutse da ke cike da gidajen tarihi a yau. A Girsu akwai wani gini na gasasshen tubali da kwalta, mai shekara wajen 4,000, da aka daɗe ana kira gada. Masu binciken Gidan Tarihin Birtaniya da suka sake tona shi a 'yan shekarun nan suna ganin an ƙuntata mashigar ruwan ne da gangan don ya ƙara gudu ya kai gonakin nesa. In haka ne, ƙarancin ruwa bai rabu da birnin ba duk da aikin Entemena.

Canji na gaske ya zo da Ur-Nammu, wanda ya kafa daular Ur ta uku a wajen 2112, da ɗansa Shulgi da ya yi shekara 48 a kan mulki. Umma da Girsu suka zama larduna biyu na ƙasa ɗaya, kowanne da hakiminsa da ke amsa wa Ur. Sarki ya sa aka rubuta iyakokin larduna. Yaƙin filin ya tsaya, ba don an gano mai gaskiya ba, sai don na sama da na ƙasa yanzu ubangidansu ɗaya.

Daga lardunan nan biyu aka tono dubun-dubatar alluna, kuma mai son ya ga yadda ake riƙe ƙasar ban ruwa, nan zai duba. Ana rubuta mutum nawa suka fita yasar magudana kaza, kwana nawa suka yi, damin kara nawa aka kai don ƙarfafa jinga. An ƙayyade wa mai haƙa abin da zai fitar a yini: ƙasar ramin da ya kai mita uku a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi. Ladan namiji baligi lita 60 na sha'ir a wata, mace 30. Yasa ba aikin da ake gamawa ba ne, domin ruwan da ke kawo albarka shi ke kawo lakar da ke toshe hanya, in aka yi sakaci shekara kaɗan magudana ta cike. Kafin girbi kuma masu awo suna zagaya gonaki da igiya, su rubuta a kan wasu alluna masu siffar faifai yawan abin da ake sa ran samu, da inda aka shuka da inda aka bari.

Inda aka bari ɗin nan shi ne maganin gishirin da ya fi kowanne aiki. Gona shekara ɗaya ake nomanta, shekara ɗaya a bar ta saura, ba shuka ba ban ruwa. A shekarar hutu wasu ƙayoyi masu dogon saiwa, irin waɗanda manoman Iraƙi ke kira shok da agul har yau, sukan mamaye ta. Saiwarsu tana zuƙe damshin ƙasa har can ciki, ruwan ƙasa ya sauka, a samu busasshen sashe tsakaninsa da saiwar hatsi, gishiri ya rasa hanyar hawowa. Dabbobi su yi kiwo a wurin su bar taki. Kafin shuka ta gaba a malala ruwa sau ɗaya mai yawa ya tura gishirin sama zuwa ƙasa.

Sauran dabarun sun zo cikin wani rubutun Sumer na nasihar manomi ga ɗansa, wanda ɗalibai suka yi ta kwafa a Nippur a wajen ƙarni na 18. Ya ce a duba jinga da bakin magudana kafin a saki ruwa, kada ya wuce kima. A sa ido a kan mai zuba iri a mazurarin da ke jikin garmar shanu, iri ya faɗa zurfin yatsa biyu. A yi kunya takwas a faɗin wajen mita shida. A shayar da sha'ir sau uku a matakan girmansa, in ya yi kyau a ƙara na huɗu. Har addu'ar korar ɓeraye bai bari ba. Abin lura a rubutun shi ne ruwa ƙidaya shi ake yi, ba a sakin sa yadda aka ga dama.

Da wannan duka, ga abin da alƙaluma suka nuna a wajen 2100: hekta ɗaya a Girsu tana ba da lita 1,460, alkama kuma ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. An koma sha'ir kusan gaba ɗaya, shi ne tuwo, shi ne abin sha, shi ne lada, shi ne ma'aunin bashi. A wannan lissafi hekta ɗaya tana ciyar da ma'aikaci biyu na shekara, kafin a cire iri da abincin shanu.

Daular Ur ba ta wuce ƙarni ɗaya da 'yan shekaru ba. A farkon sarautar Ibbi-Sin larduna suka fara zamewa, Umma da Girsu na cikinsu. Hatsi ya yi tsada ninki-ba-ninki a babban birni, a 2004 kuma mayaƙan Elam suka ci Ur.

Ƙarshen noman filin, 2000 zuwa 1700

Da hukuma ɗaya ta tafi, tsohon ciwo ya dawo da sababbin sunaye. Biranen Isin da Larsa suka shiga jan ruwa tsakaninsu, yankin Lagash ya faɗa hannun Larsa, har Hammurabi na Babila ya ci Larsa a wajen 1763. Dokokinsa sun nuna yadda aka ɗauki lamarin da zafi: wanda ya yi sakaci da jingarsa ta ɓalle ruwa ya ci gonakin maƙwabta, zai biya hatsin da ya salwanta, in ba shi da shi a sayar da shi da kayansa a raba wa masu gonakin.

A zamanin ɗansa Samsu-iluna biranen kudu suka yi tawaye aka murƙushe su. Daga wajen 1739 rubutu ya ɗauke a Ur da Uruk da Larsa, zuwa wajen 1720 a Nippur da Isin ma, mutane suka yi ƙaura zuwa arewa. Adadin ƙarshe da Jacobsen da Adams suka kawo daga yankin Larsa ne a ƙarni na 18: lita 897 a hekta, alkama kuwa an daina shuka ta. Girsu ta zama kufai, filin da aka yi ta mutuwa a kansa ya koma wurin kiwo.

Hukunci

Dutsen Mesilim, yaƙin Eannatum, rantsuwa da kurciyoyi, duk sun faɗi a kan dalili ɗaya: sun yi maganar ƙasa, alhali abin da ake rigima a kai ruwa ne, kuma bakin ruwan yana hannun wanda aka ce ya yi biyayya. Sharaɗin haya ya fi su muni. Bashin da ba zai biyu ba bai bar wa Umma wata riba a zaman lafiya ba, kowane sabon mai mulki ya tarar yaƙi ya fi masa arha. Da an yanka mata kaso na amfanin gona da za ta iya bayarwa kowace kaka, a ganina da sulhun Eannatum ya fi haka daɗewa.

Magudanar Entemena ta magance abin da aka haƙa ta dominsa, kuma ba na ganin adalci ne a zarge shi da abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani. Amma ta nuna cewa a irin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, duk ruwan da aka shigar sai an yi tunanin mafitarsa.

Game da gishiri, ba duk masana suka yarda da Jacobsen da Adams ba. A 1985 Miladiyya Marvin Powell ya yi jayayya cewa alƙaluman sun fito daga gonaki da ma'aunai da ba lallai a kwatanta su kai tsaye ba, kuma mai yiwuwa an fi son sha'ir ne don ya fi yawan amfani, ba don alkama ta gagara ba. Gyaransa yana da ƙarfi, kuma ya hana a ce gishiri shi kaɗai ya kashe Sumer. Ni dai abin da na ɗauka daga shaidun shi ne gishirin gaskiya ne, tunda su da kansu sun rubuta shi, amma ciwo ne da suka san yadda ake zama da shi. Mutanen da suka ciyar da birane daga ƙasa ɗaya fiye da shekara dubu ba jahilan ƙasarsu ba ne. Abin da ya tashi filin shi ne lokacin da yaƙi ya hana yasa, ruwa ya daina isowa, masu aikin suka watse.

Abu biyu ne suka yi aiki. Hukuma ɗaya a kan magudana tun daga sama har ƙasa ta kashe rigimar rabo, ko da yake ta yi wa talaka nauyi kuma ba ta daɗe ba. Saura da sha'ir kuwa sun riƙe ƙasar kanta, kuma su ba sarki ya ƙirƙiro su ba. Tsadarsu ita ce rabin gona yana kwance kowace shekara, shi ya sa McGuire Gibson ya yi nuni a 1974 Miladiyya cewa hukuma mai ƙarfi, in ta matsa a ƙara hatsi, hutun gona ne abu na farko da ake takewa, daga nan gishiri ya samu ƙofa. Wato maganin farko yana iya cinye na biyu.

Masar ba ta sha wannan wahala haka ba, domin Nilu in ya janye yakan sauka ƙasa da gonaki, ruwan ya koma cikinsa da gishirin da ya wanko. Kudancin Iraƙi bai samu irin wannan mafita ba sai a 1992 Miladiyya, da aka kammala wata babbar magudana mai tsawon kilomita 565 tsakanin kogunan biyu don kwashe ruwan zartsi daga gonaki zuwa teku, kuma ko ita sai da aka haɗa mata manyan injinan turo ruwa a kusa da Nasiriyya, saboda ƙasar ba ta da gangaren da zai tafi da shi da kansa.